Na Bi Hadari Har Bakin Teku Neman Anaruwa

Da sunan Allah mai jinƙai nake buɗe wannan labari, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Tun da na dawo daga ƙasar Sanagal ban samu na zauna ƙofar masallaci na ja casbi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce, "Malam, wai da gaske ruwan teku ba ya shayuwa?" Wancan ya ce, "Wai a can raguna da sabulu suke wanka?" Na faɗa har muryata ta dushe. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Dalilin tafiyar ƙanena ne Rabi'u, autanmu, wanda Inna ke kira Anaruwa don ana tsuga ruwa aka haife shi. A shekarar yunwa ya bar Gangara yana saurayi, ya ce ba zai dawo ba sai ya samo abin da zai cika wa Inna rumbu. Daga nan shiru. Sai bara wani ɗan Gazawa da ya dawo daga yamma ya ce ya gan shi a wani garin masunta kudu da Dakar, yana sayar da tsire, har ya yi aure.

Inna tana da wata ɗabi'a tun muna yara. Da zarar gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ƙyaure, sai ta kashe wutar murhu, ta kife turmi, ta tsaya bakin ɗaki tana kiran ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya har kowa ya shigo. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, "kai wancan" take ce mini. Yanzu jikoki take kira. Amma duk hadarin da ya taso, in ta gama da jikoki sai ta ƙara ɗaga murya ta ce, "Anaruwa!" Ta saurara kaɗan, sa'an nan ta saki asabari. Mun hana ta har mun gaji.

Bana da damina ta kama, ƙafafunta suka kumbura, ganinta ya ragu. Ranar da muka gama maimai ta kira ni ta ce, "Kai wancan, ban jin zan ci tumun bana. Ka tahi ka zo mini da yaron nan." Ta miƙo mini ƙullin daddawa da na kuka, ta ce in kai masa. Ban yi musu ba. Na bar gona a hannun Allah da hannun yara.

Amalanken shanu ya kai ni Gazawa, daga nan na shiga taksi. Ku da kuka san motocin nan kun san da, in an shiga, kowa bakinsa yake kamawa, don ba ka san wanda ke kusa da kai ba. Yanzu kuwa, tun da aka yi babban taron ƙasa a Yamai aka ce za a yi zaɓe, mota ta zama majalisa. Kafin mu isa Agiye an naɗa shugaba an tuɓe shi ya fi a ƙirga. Wani malamin lakol, wato makarantar boko, yana ta bayanin yadda ake jefa ƙuri'a, wata tsohuwa mai kwandon kaji ta ce masa, "Ɗana, ni wanda zai gyara hanyar nan zan jefa wa, ko baƙin jaki ne." Direba kuwa da aka matsa masa ya faɗi jam'iyyarsa, sai ya ce shi ɗan jam'iyyar wanda ya biya kuɗin mota ne.

A Maradi na sake mota. Mun wuce Tibiri, mun tsaya Gidan Rumji don sallar la'asar, a nan wani Bagobiri mai suna Nomau ya shigo da ɗaurin jajayen fatu zai kai Bamako. Mutum ne gajere, mai yawan dariya, tsagar Gobir ta cika masa kumatu. Bai gama zama ba hadari ya taso. Irin namu ne da kuka sani: jan bango daga gabas, sai iska mai sanyi, sai tsawa, sai ruwa kamar da ƙwarya. Ba wanda ya tambayi wani inda za a fake. Dukanmu muka ruga bayan wata katanga ta wajen yamma muka lafe, awaki ma nan suka zo suka same mu. Kafin a dafa shayi a sha ya wuce, ya yi yamma abinsa.

Nomau ya bi shi da kallo ya ce, "Malam, ka ga wanga? Shi ma ɗan cin rani ne. Kullum yamma yake tahiya, ban taɓa ganin ya komo gida ba."

Na yi dariya, amma maganar ta taɓa ni, don na tuna wanda zan je nema.

Gaba da Doso jandarma suka tsai da mu a shinge. Babbansu Bazabarme ne, ya leƙo yana murtuke fuska, sai Nomau ya daka masa tsawa: "Kai ɗan Zabarma, ubangidanka na cikin mota kake tsai da ita?" Ni dai na ce yau mun kwana a buro, wato ofishinsu. Jandarman ya dubi tsagar, ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ashe bawana ne aka loda da fatu. Wa ya ba ka izinin barin gari?" Suka yi ta zagin wasa irin na taubasai, a ƙarshe shi ya saya wa Nomau goro.

A iyakar Burkina ni abin ya faɗo wa. Ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya zazzage jakata, ya ɗauko ƙullin Inna yana juya shi, ya ce mene ne wannan da aka ɗaure haka tamau. Na ce ya buɗe. Da ya kwance, wari ya bugi hancinsa, sai ya kira abokansa da harshensu, suka zo suna shinshinawa suna gyaɗa kai. Ashe su ma suna da ita, sumbala suke ce mata. Ya tambaye ni wa ya yi. Na ce uwata, ƙanena zan kai wa. Ya ɗaure ƙullin da hannunsa, ya fi yadda ya same shi kyau.

A Wagadugu na ga abin da ban taɓa gani ba: mata bisa babur, da goyo a baya da tulu a gaba, ba wanda ya waiwaya ya dube su sai ni. Mun sauka a zango wurin wani mai masauki Bakatsine, aka ba mu tuwon masara mai tsami-tsami da miyar ganye. Na ci don yunwa, amma raina na wurin furar gero. Daga nan Bobo, daga nan Bamako, inda muka rabu da Nomau. Ya raka ni har tashar jirgin ƙasa, ya ce, "In ka ga autan nan ka ja mishi kunne sau biyu, ɗaya naka ɗaya nawa."

Jirgin ƙasa gari ne mai tafiya. Ana ciniki a ciki, ana girki, ana faɗa ana shiryawa. A wani wuri cikin daji ya tsaya wuni guda don ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo, ba wanda ya damu sai ni. Abin da na lura da shi a duk tsawon hanyar nan shi ne, hadari ya same mu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kullum ta bayanmu yake zuwa, ya wuce mu, ya yi gaba. In na tashi salla kuma, inda na fito nake fuskanta. Alƙibla da gida da hadari duk suka koma wuri guda.

Teku dai ba zan iya kwatanta muku shi ba. Ku ɗauka gulbin Maradi ne ya cika ya rasa tsallake. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. A garin masuntan nan na yi ta tambayar Anaruwa, ba wanda ya san shi. Sai da na ce Rabi'u mai tsire, yara suka yi ihu "Rabi'u Hausa!" suka ja ni har bakin tukubarsa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya ɗago kai zai tambaye ni na nawa, sai wuƙa ta faɗi daga hannunsa. "Yaya?" Abin da ya iya cewa ke nan. Muka rungume juna cikin hayaƙi, masu sayen nama suna jira.

Matarsa Kumba ƴar garin ce, doguwa, mai fara'a, suna da ƴa guda da ya sa wa sunan Inna. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa, ni kuma ban jin nasu ko kaɗan. A can maza da mata kwano ɗaya suke ci. Shinkafa ce ja da kifi, uwargida na tsinka kifin tana turo wa kowa gabansa. Ranar farko na kasa sa hannu don kunya, ta ɗauka abincin ne bai yi mini ba, ta ƙara turo mini kan kifi. Raguna kuwa gaskiya ne, da safe ake kai su teku a wanke su da sabulu, abin da yaranmu ma ba kullum suke samu ba.

Rabi'u yana da nasa ragunan a bayan gida, ƙanana, yana kiwon su don layya, da rumfa cike da harawar gujiya da ya tara musu. Da na ba shi ƙullin Inna ya daɗe yana riƙe da shi. Na gaya masa halin da take ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, da wane ido zan shiga Gangara hannu wofi? Ka bari layya ta zo in sayar da ragunan nan, wallahi da kaina zan taho."

Na ce, "Layya da sauran wata da watanni. Ita tumun bana take magana."

Ya ce, "Allah zai ja kwananta."

Na ce amin. Kwanaki muna wannan magana, ba ta gusa daga nan ba.

Ran nan da hantsi ya tafi kasuwa, na ga sama ta canza. Gizagizai sun yi ƙasa-ƙasa, iska ta yi nauyi, masunta na ta jan jiragensu kan tudu. Na zagaya bayan gida na dubi rumfar harawa, raina ya ɓaci. Gefen gabas wata tsohuwar zana ce duk huji. Gefen yamma kuwa, wajen teku, an ninka zana biyu masu kauri har da fallen kwano. Na ce a raina, yaron nan ya daɗe a waje har ya manta inda ruwa ke fitowa. A garinmu wa yake toshe yamma? Can ake sa ƙofa. Na tuɓe riga na kwance zanar yamma da kwanon, na mayar da su gabas na ɗaure tamau. Kumba ta fito tana ta magana, tana nuna teku, tana kaɗa hannu. Na ɗauka cewa take baƙo ba ya aiki. Na ce mata, "Ba komi, ƙanwata, ai gidana ne." Ta kama kai ta ruga kiran mijinta.

Bayan azahar hadarin ya sauko. Ba jan bango, ba tsawa mai yawa, iska ce kawai daga arewa maso gabas da ruwa a kwance. Zanata ta tare shi, na ji daɗi. Can sai iska ta faɗi gaba ɗaya, ruwa ya koma yayyafi, har wani haske ya ɓullo a sama. Na fito na ce alhamdulillahi, ya wuce. Daidai nan Rabi'u ya shigo a guje, maƙwabcinsu wani tsoho mai suna Samba yana bayansa yana ɗingishi, yana ihu yana nuna teku.

"Yaya, me ka yi? Kwance! Kwance mu mayar!"

"Ai ya wuce," na ce.

"Bai wuce ba, juyowa zai yi!"

Ba mu kwance igiya ta biyu ba iska ta dawo, amma ta wajen teku, ta inda na buɗe. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin hadari ya tafi ya komo ta ƙofa ba. Ta shiga rumfar ta ɗaga rufin kamar faifai, ruwa ya bi harawa har ƙasa. Muka bar ta muka kwashi raguna muka tura su ɗakin kwana. Har magariba ana yi.

Da safe muka baza harawar a rana, amma wanda ya san harawar gujiya ya san in ta sha ruwa haka sai ruɓa. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ba Rabi'u haƙuri, ya ce ba komi, muryarsa kuwa da komi. Tsoho Samba ya zo ya zauna kan turmi. Ashe ya yi shekaru yana aiki cikin manyan jiragen ruwa. Ya sa Kumba ta kawo ruwa a daro, ya watsa ɓawon gujiya a ciki, ya sa hannu ya dama. Ruwan ya yi ta zagayawa, tsakiya ta lotsa. Yana magana Rabi'u na mayar mini da Hausa.

Ya ce wani hadarin ba bango ba ne, guguwa ce, sai dai faɗinta ya fi ƙasar wani sarki, shi ya sa wanda ke ciki ba ya ganin juyawarta. In gabanta ya iso iska ta buge ka ta nan, in tsakiyarta ta zo kanka ka ji shiru, in bayanta ya zo ta buge ka ta can. Ya ce in ka juya wa iskar baya, tsakiyar tana hannunka na hagu. Na dubi yadda ɓawon ke zagaya daro, na ce, "Subhanallahi, ai haka ake ɗawafi, Ɗaki na hagunka." Da aka mayar masa ya yi murmushi ya ɗaga yatsa sama. Ya ce a tekun kudu can nesa ya ga masu juyawa ta ɗaya hannun.

Ya ce wadda ta jiƙa mu jiya jaririya ce. In ta shiga teku ta samu ruwa mai ɗumi, shi ne abincinta, wata ta mutu a hanya, wata ta girma. Sau ɗaya babbar ta rutsa da jirginsu. Ya ce a tsakiyarta ya ga sama shuɗiya, gizagizai sun kewaye su kamar bangon rijiya, tsuntsaye da suka gaji suka sauko bisa jirgi ba sa gudun mutum. Iska mafi muni kuwa a jikin bangon nan take. In ta hau tudu a ƙasashen da ke bayan teku takan rushe garuruwa, sa'an nan ta mutu don ta rabu da ruwan ɗumi.

Sai ya tambaye ni yadda namu yake. Na ba shi labarin jan bangon gabas, da yadda ya yi ta wuce ni a hanya tun daga Gidan Rumji. Tsohon ya buga cinya, ya yi doguwar magana yana nuna gabas. Rabi'u ya fara fassarawa: "Ya ce shi ya san tsufanta, kai ka san ƙuruciyarta. Ya ce matuƙan jirgi sun gaya masa daga can cikin ƙasa suke tasowa, su ratso ƙasashe suna zubar da ruwa kafin su iso nan. Ya ce wanda ya jiƙa mu jiya, kwanaki kaɗan da suka wuce yana iya yiwuwa a kan..." Sai ya tsaya.

"A kan Gangara yake," na ƙarasa masa.

Ban yi niyyar gaya masa ba, don kada in ɗora masa nauyi, amma bakina ya riga ni. Na ce, "To in haka ne, wannan hadarin Inna ta kira sunanka a cikinsa. Ba ta taɓa fasawa ba. In ta gama kiran jikoki sai ta kira ka, ta tsaya ta saurara."

"Har yanzu?"

"Har ranar da na taho."

Ya tashi ya shiga wajen raguna, ya daɗe bai fito ba. Samba ya tambayi abin da na ce, ba mai mayar masa. Kumba ce ta bi mijinta, na ji muryarta tana faɗa a hankali. Da suka fito Rabi'u ya ce, "Ta ce harawa ta riga ta tafi, raguna baffanta zai riƙe su, ni kuma in ban je ba kada in ƙara kiran ƴarta da sunan Inna." Ya share ido da hannun riga. "Yaya, hannu wofi fa zan je."

Na ce, "Ba hannunka ta aike ni in kawo ba."

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai wannan karon hadari ta gaba yake tarbar mu. A taksin Agiye Rabi'u ya saki baki yana jin talakawa na caccakar manya ba mai waiwaye, ya raɗa mini, "Yaya, ba za a kama su ba?" Na ce a'a, shi ma in ya zauna har kaka sai ya je a rubuta sunansa ya yi zaɓe. Gero kuwa tun daga Gidan Rumji har gida ya fi mutum tsawo, ya fid da kai. Ya yi ta kallo ta taga.

Mun tarar da Inna da rai, alhamdulillahi. Kun san halin iyayenmu da kara. Ta shafa fuskarsa da gemunsa, ta ce, "Ka ci abinci?" Shi ke nan. Har na ji haushi kaɗan, bayan duk wannan hanya.

Bayan kwana biyu, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Rabi'u yana bayan gida yana ɗaure awaki. Inna ta lallaɓa ta kashe wuta, ta sa aka kife turmi, ta dafa bango ta tsaya bakin ɗaki. Ta kira jikoki ɗaya bayan ɗaya, suka shige. Sa'an nan ta ɗaga murya yadda ta saba, hannunta tuni yana kan igiyar asabari.

"Anaruwa!"

"Na'am, Inna!"

Hannun ya tsaya. Iska na kaɗa mata zane, ba ta motsa ba. Ta sake kira, a hankali wannan karon. Ya sake amsawa, yana tahowa. Ta kira na uku, yana tsaye gabanta, ɗigon farko na sauka a kansa.

Ta ce, "To shigo mana, sai ka jiƙe?"

Ya sunkuya ya shiga, ta saki asabari.

Tumun bana shi ya gasa mata da hannunsa, ta ci. Bayan girbi zai koma ya zo da Kumba da ƴar, in Allah ya yarda. Ni kuma na ɗauki alkawarin harawar raguna daga gonata, ko da yake ban san motar da za ta kai ta ba. Iyakar abin da na gani ke nan. Godiya ta tabbata ga Mai juya iska inda ya so.